Rainon Akwatin Kifi Kafin Zuba Kifi: Misali Daga Libreville

1.0 Gabatarwa

Wanda ya sayi akwatin gilashi don kiwon kifin ado a falo yakan cika shi da ruwa, ya kunna mataci, ya zuba kifi duk a rana guda. Cikin mako ɗaya ko biyu sai kifin su riƙa tasowa sama suna haki, su daina cin abinci, su mutu ɗaya bayan ɗaya, alhali ruwan garau yake. Sau da yawa akan ɗora wa mai sayar da kifin laifi. Galibi kuwa abin da ya kashe su shi ne ƙazantarsu da kansu, domin babu abin da zai kawar da ita a sabon akwati. Wannan takarda za ta bayyana yadda ake rainon akwati ba tare da kifi ba, tare da duba yanayin Libreville, babban birnin Gabon, inda Hausawa da dama suke zaune, kuma inda zafi da ruwa da wutar lantarki suke canza lissafin da aka saba gani a littattafan Turai.

2.0 Abin da Ake Raino

Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta matattarar numfashinsa da ke gefen kai, ragowar abinci da kashi kuma suna ruɓewa su ƙara wani. A kogi wannan ba matsala ba ce, don ruwa na tafiya da shi. A akwati mai lita 60 kuwa babu inda zai je. Gubarsa tana ƙaruwa da zafin ruwa da kuma hawan ma'aunin pH: a digiri 25, idan pH yana 7, kashin amoniya mai cutarwa bai kai 1 cikin 100 ba, amma a pH 8 ya haura 5 cikin 100.

Masu ceton kifin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Rukunin farko suna cin amoniya su mayar da shi naitirayit, wanda shi ma guba ne: yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Rukuni na biyu suna mayar da naitirayit ya zama naitiret, wanda kifi ke iya jurewa har a rage shi ta hanyar canjin ruwa. Sunayen biyu sun yi kama ƙwarai, kuma rikita su ya sa mutane da yawa sun karanta sakamakon gwaji a baibai, don haka ya kamata ɗalibi ya riƙe cewa mai "yit" shi ne mai kisa.

Waɗannan halittu ba a cikin ruwa suke yawo ba. Suna manne ne a jikin soson mataci da tsakuwa da gilashi. Ke nan abin da ake raino ba ruwa ba ne, garke ne da ke zaune a mataci, mai bukatar abinci da iska kamar kowane garke. Kuma yaɗuwarsu a hankali take. Wasu bakteriya suna ninka yawansu cikin minti 20, su kuwa waɗannan sukan ɗauki kusan yini guda. Shi ya sa aikin ke cin mako 4 zuwa 6.

Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fara ware irin waɗannan bakteriya wajen 1890, kuma aka daɗe ana koyar da cewa Nitrosomonas da Nitrobacter ne ke aikin a akwatin kifi. A 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa a akwatin ruwan daɗi Nitrospira ne ke cin naitirayit. A 2015 kuma aka gano cewa wasu daga cikin Nitrospira suna iya yin matakan biyu su kaɗai, kuma ɗaya daga cikin samfuran da aka yi binciken da su an ɗebo shi ne daga matacin wata gonar kifi a Holan. Mai akwati ba ya bukatar haddace waɗannan sunaye, amma ya san cewa tsofaffin littattafai da rubutun jikin wasu kwalabe sun tsaya a bayanin da.

3.0 Yadda Ake Yi

A da, akan zuba kifi biyu ko uku masu taurin rai su samar da amoniyan da jikinsu. Wasu su rayu, wasu su mutu, waɗanda suka rayu ma sun sha wuya. Babu dalilin yin haka tunda ana iya zuba amoniyan kai tsaye.

Ana haɗa akwati da tsakuwa da mataci, a cika da ruwan da aka kashe wa kulorin, a bar mataci yana aiki dare da rana. Sai a zuba amoniya har gwaji ya nuna miligiram 2 a kowace lita. Idan ruwan amoniyan mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 ne, mililita 2 sun ishi akwati mai lita 100. Dole ya zama tsantsa, ba sabulu ba turare. Idan aka girgiza kwalbar kumfa ya tsaya, ba za ta yi ba. Inda ba a samu ba, ana iya barbaɗa abincin kifi kullum, ko a ɗaure ɗan jatan lande a ƙyalle a bar shi ya ruɓe a ciki. Wannan hanya tana aiki, sai dai tana da wari, kuma ba a iya sanin adadin da aka zuba.

Daga nan sai gwaji duk bayan kwana biyu. Gwajin ɗigo cikin kwalba ya fi na 'yar takarda inganci. A makon farko kusan babu abin da zai motsa. Sannan amoniya ya fara sauka, naitirayit ya hau. Duk lokacin da amoniya ya kusa ƙarewa sai a ƙara kaɗan, kada ya wuce miligiram 2, don yawansa na jawo tarin naitirayit da zai tsawaita aikin: miligiram 1 na amoniya yana haifar da kusan 2.7 na naitirayit. Wannan mataki na biyu shi ya fi tsawo, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke gajiya. Kullum kwalbar gwaji launi ɗaya take nunawa, yara suna tambayar ina kifin, baƙi suna mamakin akwatin da ba kowa a ciki. Sai wata safiya a tarar naitirayit ya faɗi kusan gaba ɗaya.

Alamar kammaluwa ɗaya ce. A zuba miligiram 2 na amoniya a kowace lita, bayan awa 24 gwaji ya nuna sifili ga amoniya, sifili ga naitirayit, naitiret kuwa ya hau. Hasken ruwa ko gurɓacewarsa ba hujja ba ce ta kowane ɓangare.

4.0 Yanayin Libreville

Zafi yana taimakawa. Waɗannan halittu sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 25 da 30, kuma kusan haka ɗakunan Libreville suke a yawancin shekara, don haka na'urar ɗumama ruwa da ake wajabtawa a Faransa ba ta zama dole ba, sai a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki ba tsayawa.

Ruwa shi ne inda ake tuntuɓe. Ruwan famfon birnin yana fitowa ne galibi daga wuraren tace ruwa na Ntoum, kimanin kilomita 40 a gabas, kuma kamar na sauran manyan birane ana sa masa kulorin don lafiyar masu sha. Kulorin ba ya bambanta bakteriya mai cuta da mai amfani. Dole a sa maganin kashe shi kafin ruwan ya shiga akwati, kuma kada a wanke soson mataci a bakin famfo. A matse shi a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin.

Matsala ta biyu ta fi ɓoyuwa. Kogunan dajin Gabon galibi ruwansu ba shi da ma'adinai sosai, ruwan sama kuwa, wanda birnin ke samun kusan milimita 3,000 a shekara kuma gidaje ke tarawa a duro, kusan babu komai a cikinsa. Aikin cin amoniya yana fitar da tsami, kuma sinadarin kabonet da ke cikin ruwa ne ke shanye tsamin. Idan kabonet ya ƙare pH yakan faɗi zuwa 6 ko ƙasa, sai bakteriyan su tsaya cak. Mai akwati ya ga mako uku ba abin da ya canza, ya zaci sun mutu, ya zubar da komai ya sake farawa. Maganin ba shi da tsada: rabin ƙaramin cokali na bikabonet, wato sodar da ake sa wa fulawa, a kowace lita 50, sannan a sake gwadawa, ko ɗan ɓawon dodon koɗi na teku da aka wanke aka farfasa, a sa cikin mataci ya riƙa narkewa a hankali. Bahaushe zai tuna da kanwa, to amma kanwa tana ɗaga pH da ƙarfi, ga gishiri da ƙasa a haɗe, ba a kuma san ƙarfin kowane curi ba.

Sai ɗaukewar wuta. Idan mataci ya tsaya, iskar da ke cikinsa takan ƙare cikin 'yan awoyi, musamman rufaffen mataci. A irin wannan hali a buɗe shi, a fito da soson a bar shi cikin akwatin, ko a yi amfani da ƙaramin famfon iska mai batir.

Hanyar da ta fi rage kwanaki ita ce karɓo ɗan soso daga matacin wani tsohon akwati mai lafiyayyun kifi, a kawo shi a jiƙe a ranar. Bakteriyan kwalba ma akwai, amma kwalbar da ta sha zafin kwantena da na shago ba abin dogaro ba ce. Laka daga bakin mashigin Komo ba ta dace ba, don ruwan wurin gauraye yake da na teku.

5.0 Zuba Kifi

Idan gwajin awa 24 ya yi daidai, sai a canza fiye da rabin ruwan don rage naitiret, a zuba kifi cikin kwana ɗaya ko biyu kafin garken ya rasa abinci. Gabon na da nata kifin ado. Aphyosemion australe, ɗan ƙaramin kifi mai wutsiya kala-kala da Turawa ke kira da sunan Cap Lopez na kusa da Port-Gentil, ya fi shekara 100 a akwatunan Turai, akwai kuma Ctenopoma kingsleyae, wanda aka raɗa wa sunan Mary Kingsley da ta tattara kifi a kogin Ogooué a 1895. Na Cap Lopez ya saba da ruwa marar ma'adinai mai ɗan tsami, don haka idan shi za a zuba sai a rage ɓawon da aka sa a mataci, a kuma rufe akwatin sosai domin gwanin tsalle ne.