Shaho Mai Zobe Ba Ɗan Leƙen Asiri Ba Ne

Da zarar iskar hunturu ta fara busawa a ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela, tsuntsayen arewa suka sauko gudun sanyi, sai wata tsohuwar jita-jita ta farfaɗo, wai duk shahon da aka gani da zobe a ƙafa, ko ƴar na'ura a gadon baya, to, ɗan leƙen asirin Turawa ne, ko kuwa sihiri aka ɗaura masa. Ba mu kaɗai wannan zato ya ruɗa ba, domin a 2013 an tsare wata shamuwa a hannun ƴan sanda a Ƙena ta Masar bisa irin wannan tuhuma, alhali masanan ƙasar Hangari ne suka ɗaura mata na'urar.

Haƙiƙanin al'amari, zoben nan, wanda wani malamin makaranta a Danmak mai suna Mortensen ya ƙago a 1899, lamba ce kurum da adireshi, tamkar tsagar da makiyayi ke yi a kunnen saniyarsa domin a shaida ta in ta ɓace. Na'urar kuwa ba ta da wani aiki illa faɗin inda tsuntsun ya kwana.

Masu kafa wa wannan zato hujja da cewa ai a kan majami'u ake renon shahuna a Ingila, sun ji rabin labari. Gaskiya ne tun 2006 suke ƙyanƙyasa a hasumiyar babbar majami'ar Darbi, har an kafa musu kyamara, amma shaho bai san mazhaba ba. Asalinsa mazaunin duwatsu masu tsawo ne, duk ginin da ya ba shi tudu da tantabaru, ko hasumiyar masallaci ce ko tankin ruwa, ya wadatar da shi, daga can yake faɗowa kan ganimarsa da gudun da ya zarce kilomita 300 a sa'a. Dalilin ɗaura musu zobe ana ƙidayarsu kuwa, maganin ƙwari na DDT ya taɓa sirantar da ɓawon ƙwansu har suka kusa ƙarewa, kafin Amurka ta haramta shi a 1972.

Da ma'aikatan gandun daji suna bayyana wannan a rediyo kowace kaka, da yara masu danko sun rage ɓarna. Wanda ya tsinci zobe, don Allah ya rubuta lambar da ranar da sunan garin, ya miƙa wa ma'aikatan.