Tulin ƙasar Akokan: wa zai share bayan an gama haƙo yuraniyom?

Ga taƙaitaccen bayanin abin da muka tattauna a shirinmu na muhalli, domin wanda yake daji da bisashe ko yake kan hanya da kaya lokacin da shirin ya wuce. Maganar ita ce hakkin da ke kan babban kamfani idan ya ci arzikin ƙasa, kuma mun ɗauki misalin Arlit, a jihar Agadas.

A Arlit kamfanoni biyu ne suka daɗe suna haƙo yuraniyom, ƙarfen da ake kai wa tashoshin nukiliya su ba da wutar lantarki. SOMAIR ya fara fitar da shi a 1971 daga buɗaɗɗen rami. COMINAK kuma, a Akokan, ya fara a 1978, yana haƙa a ƙarƙashin ƙasa, zurfin wajen mita 250. A da, babban mai hannun jari a cikinsu shi ne kamfanin Faransa da aka sani da Areva, wanda ya koma Orano a 2018.

To, ina matsalar take? Yuraniyom ɗin da ke cikin dutse ɗan kaɗan ne. Sai an niƙa tan guda kafin a samu 'yan kilo. Ana niƙa dutsen, a zuba masa ruwan asid, a tsame abin da ake so, sauran kuma a jibge shi a fili. Wannan dusar ba ƙasar banza ba ce. Mafi yawan tururin nan mai cutarwa yana nan a cikinta, tururin da ido ba ya gani, hanci ba ya shinshina, kuma yana daɗewa dubban shekaru. A Akokan kaɗai, abin da aka tara ya kai wajen tan miliyan 20.

Ta hanya uku abin yake iya iso ka. Ta farko ruwa. Wanke dutse yana cin ruwa ƙwarai, kuma daga ƙarƙashin hamada ake janyo shi. Ruwan nan tsoho ne, ya taru tun zamanin da ƙasar take da damina mai yawa, ruwan saman yau ba ya mayar da abin da aka ɗiba. Bayan raguwa akwai gurɓata. A rahoton da ƙungiyar Greenpeace ta fitar a 2010, cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba a yankin Arlit, huɗu sun wuce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da ita a ruwan sha. Makiyayi ya san ma'anar wannan: rijiyar da raƙumi ya sha, ita ce mai raƙumin yake sha.

Ta biyu ƙura da iska. Tulin dusar yana fitar da wata iska da ake kira radon, wadda yawan shaƙarta yana jawo ciwon dajin huhu. Iskar hunturu kuma tana kwasar ƙura ta watsa kan ciyawa da tabkuna.

Ta uku ta fi shafar ku 'yan kasuwa, wato tsofaffin ƙarafa. Masu binciken CRIIRAD daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghir In'Man ta mutanen Arlit, sun sha gano bututu da ƙarafan ma'aikata masu ɗauke da tururin ana sayar da su a kasuwa. Irin wannan ƙarfe yakan koma ƙofa, ko rufin ɗaki, ko tukunya. Kuma kun sani, ƙarfe ba ya tsayawa a gari ɗaya. Abin da aka loda a Arlit yana iya sauka a Tawa, ko Ƙonni, ko ya tsallaka iyaka.

Shi kamfanin ya sha cewa yana bin ƙa'idojin ƙasa da ƙasa kuma yana auna ruwa da iska a kai a kai. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK saboda arzikin ramin ya ƙare, bayan an fitar da yuraniyom wajen tan 75,000. Kamfanin ya yi alkawarin rushe ma'aikatar, toshe ramuka, da lulluɓe tulin da yumɓu da dutse mai kaurin mita biyu, aikin da aka ce zai ɗauki wajen shekara goma, a ci gaba da sa ido bayan nan. A Yunin 2025 kuma gwamnatin Nijar ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Ko wa ke riƙe da mabuɗin ma'aikata, tulin yana nan inda yake, kuma mai riƙe da wurin ne jama'a za su tambaya.

Daga nan muke gane abin da ake nufi da hakkin kamfani. Gina asibiti ko makaranta alheri ne, amma bai isa ba. Kafin a fara aiki, a binciki abin da zai samu ruwa da makiyaya, a zauna da masu wurin a ji ta bakinsu. Lokacin aiki, a rage ɗibar ruwa, a sake amfani da wanda aka yi wanki da shi, a killace shara, a bayyana sakamakon awo cikin harshen da mutane ke ji. Sannan a ware kuɗin gyara tun ana samun riba, domin ranar da rami ya ƙare ba a da abin sayarwa. Wannan ma'auni ɗaya ne ko kamfanin na Faransa ne, ko na Sin, ko na gwamnati, ko yuraniyom yake haƙa, ko zinariya, ko man fetur.

Kai kuma me ke hannunka? Malam makiyayi, kada ka shayar da dabba a kududdufin da ke kusa da shingen ma'aikata, kada ka yada zango a gindin tulin ƙasa. In ka ga rijiya ta sauya launi ko ɗanɗano, ko dabbobi suna ɓari fiye da yadda aka saba, ka sanar da likitan dabbobi da mai gari, a rubuta ranar da wurin. Ka kuma sani dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo hakkinka ne. In an tare burtali ko mashaya, akwai kwamitin filaye, wato COFO, da za ka kai ƙara, kuma zuwa a ƙungiyance ya fi zuwa kai kaɗai.

Alhaji ɗan kasuwa, ka tambayi asalin ƙarfe kafin ka biya. Bututu ko tankin da ya fito daga ma'aikatar haƙo, in ba a auna shi da na'ura ba, bar shi, ko da an karyar maka da kuɗi. Araha ba ta ado, balle a ce tukunyar da iyali za su ci tuwo a ciki ce za a ƙera da shi.

Mako mai zuwa za mu ɗauko zancen bututun mai na Agadem da burtalan da ya ratsa. Wanda yake da tambaya ya aiko ta hannun wakilinmu na kasuwar garinsu. Allah ya tsare dukiya, ya kai kowa gida lafiya.