ALLURAR DA KE RIƘE DA RAN MAI GIDA: ƊINKIN MATAN INUWIT

 A wannan fitowa zan ɗauke ku mu tafi can ƙarshen arewacin duniya, wurin wata al'umma da ake kira Inuwit, mazauna Alaska da arewacin Kanada da tsibirin Girinlan. A Kanada kaɗai, ƙidayar 2021 ta nuna sun haura mutum 70,000. Sanyin ƙasarsu kuwa ba irin jaurar da muke kuka da ita ba ce, don yakan kai digiri 40 ƙasa da sifiri. A irin wannan wuri, idan ɗinkin riga ya ɓalle wa maharbi yana tsakiyar ƙanƙara, to sai dai wani ikon Allah. Shi ya sa tun kaka da kakanni ran mai gida yake rataye a allurar matarsa.

Auduga ba ta fitowa a can, don haka a da fata ce yadinsu. Babbar abin dogaro ita ce fatar karibu, wata irin barewar ƙanƙara. Kowane silin gashinta yana da rami a ciki mai riƙe iska, iskar nan kuma ita ke tsare ɗumin jiki. Ba kowane lokaci ake farautar ta ɗinki ba, sai wajen Agusta zuwa Satumba, lokacin da gashin bai yi kauri da yawa ba. Riga biyu ake sawa a hunturu. Ta ciki, atigi, gashinta na kallon jiki, ta waje kuma gashinta na kallon waje. A bakin hular rigar sai a zagaya da gashin kyarkeci ko na wata dabba mai suna wulbarin, saboda ƙanƙarar numfashi tana saurin kaɗewa daga kansa.

To ina telolinmu masu tef da alli? A da, ita macen Inuwit ba ta da ko ɗaya. Da ido take kallon mutum, ta auna da taƙi da yatsu, sannan ta ɗauki ulu, wata wuƙa mai siffar rabin wata, ta yanka fatar. Kuma ba yankan ganin dama ba ne: fatar bayan dabbar takan zauna a bayan mutum, farin cikinta a yi ado da shi, fatar ƙafafuwa mai ƙwari a yi takalmi da safar hannu. Zaren kuwa jijiyar bayan karibu ce, a busar a tsattsaga.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗinkin takalminsu, kamik, wanda ake yi da fatar sil, wata dabbar teku. Ana jera layi biyu na ɗinki, amma allurar ba ta huda fatun biyu gaba ɗaya a wuri guda, sai ta shiga rabin kaurin fatar ta fito. Ga shi kuma jijiya idan ta jiƙe kumbura take yi ta toshe hudar. Ruwa ta ina zai bi? Tafin takalmin kuwa tauri gare shi, sai mace ta tattauna shi da haƙora ya yi laushi kafin ya ɗinku. Allah Sarki mata, ko'ina dai mu ne!

Yanzu bari mu zo kan rigar da na san za ta burge ku, wato amauti, rigar goyo. Mu nan zani da majanyi ne, su kuwa a jikin rigar ake ɗinka wata jaka a baya, a ƙarƙashin hula. Mutane da yawa idan sun ga hoto sai su zaci a cikin hular jaririn yake, alhali yana manne ne da bayan uwarsa, ɗumin jikinta na ratsa shi, hular kuma mai faɗi ce ta rufe su su biyu. Ana buɗa kafaɗun rigar sosai, yadda idan yaro ya nemi nono uwar za ta juyo da shi gaba ta cikin rigar, ba tare da iska ta taɓa shi ba. Haka zai zauna har wajen shekara biyu.

Kowane yanki da nasa yankan, ta yadda tun daga nesa za a gane daga inda baƙuwa ta fito. Inuwit na yammacin tsakiyar Kanada, waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunan jan ƙarfe, rigarsu ta da gajeriya ce a gaba da siririn jela a baya. Na yammacin tekun Hudson sun yi suna wajen ƙawata ƙirjin riga da duwatsun ado bayan 'yan kasuwar Turai sun kawo su. Mutanen tsibiran Belca, da karibu ya ɓace musu a ƙarni na 19, sai suka koma harhaɗa fatun agwagwar teku da gashinta. A arewacin Girinlan maza na sa wandon fatar farin beyar, mata kuma dogayen takalma har cinya. A Alaska kuwa har hanjin dabbobin teku ake wankewa a ɗinka rigar ruwa.

Kada ku ce sabon abu ne. A 1972 wasu maharba biyu suka gano gawarwaki 8 a Kilakitsok ta Girinlan, mata 6 da yara 2, waɗanda suka rasu wajen 1475. Sanyi ya adana su da tufafinsu, har da rigunan ciki na fatar tsuntsaye, ɗinki tsaf kamar jiya aka gama.

Amma fa sana'ar ta ga tasku. A ƙarni na 20 an riƙa kwashe yaran Inuwit zuwa makarantun kwana nesa da iyayensu, 'yan mata suka tashi ba su zauna gefen uwa ko kaka sun ga yadda ake riƙe ulu ba. Ilimin da ba a rubuce yake ba, idan tsohuwa ɗaya ta rasu da shi ta tafi. Ga kayan kanti sun shigo. Duk da haka matan ba su zauna ba. Ƙungiyarsu ta Kanada mai suna Pauktuutit ta tashi tsaye don kare amauti daga kamfanonin da ke kwaikwayon yankansu, tsofaffi kuma suna koyar da 'yan mata a azuzuwan ɗinki. A yau za ki ga amauti na yadin zamani a titin Ikaluwit, babban birnin Nunabut, amma yankan na kakanni ne.

Don haka ƙanwata, idan Inna ko Kaka ta kira ki ki zo ki ga yadda ake saƙa ko kalmasa, kada ki tura baki ki ce ke 'yar boko ce. Ki riƙe littafinki, ki kuma jawo tabarma ki zauna kusa da ita tun tana raye. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.