Abin da Ke Zubar da Furen Tumatir a Bazara

Duk manomin rani da ke shayar da tumatir daga ruwan madatsar Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ko a fadamun Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ya san cewa shukar da ta yi fure cikin hunturu ita ke cika kwando, alhali wadda ta makara har zafin Maris da Afrilu ya riske ta sai furenta ya yanƙwane ya zube, ko da ruwa da taki sun wadata.

Sababin wannan yana cikin ƙurar nan rawaya ta cikin fure, wadda wajibi ne ta faɗa kan tsinken macen furen, ta tsiro da siririn bututu, ta zura shi har ƙasa inda ƙwai yake, kafin ɗa ya ƙullu. Wannan tsiro kuwa yana bukatar wasu sinadarai da ake kira foliyamin, musamman sifamidin da sifamin, waɗanda ƙurar ke ƙerawa da kanta cikin hikimar Ubangiji. Masanan Japan sun bayyana a 1999 da 2002 cewa tsananin zafi yana daƙile wannan ƙira, kuma da suka ƙara sifamidin a ɗakin gwaji, sai ƙurar ta farfaɗo ta tsiro.

A ganina, tunda wannan dabara ba ta iso kasuwarmu ba, maganin da ke hannun manomi shi ne ya yi dashe da wuri, tun Oktoba ko Nuwamba, ya kuma nemi iri mai jure zafi.