Me ya sa injin zarto ke yanka a karkace, kuma me ya haɗa hakan da yatsun kafinta?

Bencin makarantar da ya fara rawa tun ranar da aka sauke shi daga mota, ƙofar da ba ta rufuwa sai an sa mata kafaɗa, da durowar da ke cijewa a rabin hanya, duk akan ɗora laifinsu a kan ɗanyen katako ko ha'incin ɗan kwangila. Sau da yawa zargin yana kan hanya. Sai dai akwai wani sanadin da ba a cika ambata ba, wato injin da ya yanka katakon bai daidaitu ba tun farko.

Injin zarto mai tebur, wanda faifansa mai haƙora ke leƙowa ta tsakiyar tebur, shi ne ƙashin bayan aiki a wurare irin su kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano, Panteka a Kaduna da Dei-Dei a Abuja. Idan ya goce, asarar ba ta tsayawa a kan katako, domin gocewar da ke ɓata kusurwa ita ce kuma ke jefa hannun mai aiki cikin haɗari.

Kuskuren digiri ɗaya

Kusurwar da ake nema a yawancin aikin kafinta ita ce digiri 90. Ido ba ya iya gane gocewar digiri ɗaya, amma lissafi yana nuna ta: a kan falanki mai faɗin santimita 60, digiri ɗaya kan haifar da giɓin da ya ɗan haura santimita ɗaya. Idan an haɗa kusurwa huɗu a jikin tebur ko kabad, kuskuren taruwa yake yi. Daga nan sai a matse haɗin da ƙarfin guduma, a cike giɓin da gam da garin katako, a shafe da fenti. Bayan 'yan watanni haɗin ya saki, domin ƙusa ce kaɗai ke riƙe da shi.

Abubuwa huɗu, kuma a jere

Gyaran yana da tsari, kuma duk wanda ya tsallake matakin farko, sauran awonsa ya tashi a banza. Kafin komai, a zare wayar injin daga wuta. Kashe makunni kawai bai isa ba, musamman inda wutar lantarki ke dawowa ba sallama.

Na farko shi ne faifan da kwarmin tebur. A injinan kamfani akwai dogon kwarmi a saman tebur wanda ma'aunin kusurwa ke bi. Shi ne tushen duk wani awo, domin shi kaɗai ne ba ya motsi. A ɗaga faifan har ƙarshe, a yi wa haƙori ɗaya alama, a auna tazararsa da kwarmin ta gaba. Sannan a juya faifan da hannu har wannan haƙorin ya koma baya, a sake aunawa. Dalilin amfani da haƙori ɗaya shi ne kada lanƙwasar faifan kansa ta ruɗi mai awo. Bambancin bai kamata ya wuce kaurin takarda ɗaya ba, kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita. Idan ya wuce, a sassauta notinan da ke riƙe da tebur ko mazaunin faifan, a ɗan buga a hankali da guntun katako, a ɗaure, a sake aunawa, domin ɗaurin kansa kan ja abu gefe.

Na biyu shi ne ƙarfen jagora, wanda katako ke jingina da shi yayin tsagawa. Dole ya tafi kafaɗa da kafaɗa da faifan. Wasu kafintoci kan bar ƙarshensa na baya ya ɗan buɗe kaɗan, kuma hakan ba laifi ba ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ƙarshen ya matso wajen faifan.

Na uku shi ne tsayuwar faifan a kan tebur. A aza sukwaya a jikin faifan, a tsakanin haƙora, domin haƙoran sun fi jikin faɗi. Kada a dogara da lambar da ke jikin injin, saboda garin katako kan taru a madakatar ya hana faifan kai wa digiri 90 alhali allurar na nuna ya kai.

Na huɗu shi ne ma'aunin kusurwa da ake tura katako da shi idan za a datse. Shi ma da sukwaya ake daidaita shi da jikin faifan.

Injinan da masu walda ke ƙerawa a gida galibi ba su da kwarmi, jagorarsu kuma katako ne da ake dannewa da maɗauri. A irin waɗannan, faifan ne tushen awo: duk lokacin da aka motsa jagora, a auna tazararta da faifan ta gaba da ta baya.

Gwajin da ba ya buƙatar kuɗi

Sukwayar da ta sha faɗuwa ƙasa tana iya yin ƙarya. A jingina ta da miƙaƙƙen gefen katako a ja layi, a kifa ta a sake ja daga wuri ɗaya. Idan layukan biyu sun rabu, matsalar a jikinta take.

Don gwada injin, a datse katako gida biyu, a kifa rabi ɗaya, a haɗa bakunan a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Duk kuskuren da ke akwai zai bayyana ninki biyu. A babban allo kuwa, a auna santimita 30 a gefe ɗaya da 40 a ɗayan. Idan tsakanin alamomin ya ba da 50 cif, kusurwar ta cika.

Idan duk wannan ya daidaita amma bakin yankan na fitowa da baƙin ƙuna, sai a duba faifan: ko ya dakushe, ko ƙaro ya manne wa haƙoransa, ko datti ya shiga tsakaninsa da wanshar da ke danne shi. Ƙarancin ƙarfin wuta ko ƙaramin janareta ma kan rage gudunsa har ya riƙa ƙona katako.

Inda batun ya zama na rai

Bakin faifai mai inci 10 yana gudun da ya haura kilomita 160 a sa'a. Haƙoran gaba ƙasa suke danna katako, na baya kuwa sama suke tasowa. Idan jagora ta matse katako a jikin haƙoran baya, sai su ɗauke shi su harbo wa mai aiki a ciki ko ƙirji, wani lokaci su jawo hannunsa kan faifan. Saboda haka ne ba a haɗa jagora da ma'aunin kusurwa a datsa ɗaya. Saboda haka ne kuma ake sa wani siririn ƙarfe a bayan faifan, wanda ke hana tsagar rufewa. A rumfuna da yawa, shi da murfin faifan ne abubuwan farko da ake cirewa da sunan suna rage sauri.

A Amurka, hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta CPSC ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 30,000 ne faifan irin wannan inji ke raunatawa duk shekara, kusan 4,000 daga ciki har da rasa yatsa. A can ne Steve Gass ya ƙirƙiro fasahar SawStop a 1999, wadda ke tsayar da faifan cikin ƙiftawar ido da zarar ya taɓa fatar mutum. Tsadarta ta sa ta yi wa ƙaramin kafinta nisa.

A Najeriya, Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, kuma Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke da alhakin sa ido. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ta hannun hukumar NSITF, inda mai aiki ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya. Amma yaron shagon da ke koyon sana'a ba tare da albashi ko takarda ba, da wuya wannan tanadi ya kai gare shi. Idan ya rasa yatsa, abin da akan ce shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Awon da zai hana wannan tsautsayi ba ya cin fiye da rabin sa'a, kayan aikinsa kuwa sukwaya ce, da tef, da sifana. Ga masu bibiyar kwangilolin kujerun makarantu, akwai gwaji mai sauƙi: a auna saman tebur daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. Idan awon bai zo ɗaya ba, an karɓi aikin da bai cika ba, kuma akwai jami'in da ya sa hannu a takardar karɓarsa.