Amsar Wasiƙunku: Ɗana Yana Son Koyon Aikin Tsara Layin Dogo

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Kebbe, wanda ke kai hatsi kasuwar Tambuwal. Ya ce ɗansa ya kusa gama sakandare, ya kuma kafe a kan shi aikin injiniyan layin dogo zai koya. Yana tambaya wane irin aiki ne wannan, ina ake koyonsa, kuma shin ya dace ya sayar da bijiminsa saboda aikin da ko a Sakkwato babu shi?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Gaskiyarka, har yau babu layin dogo a Jihar Sakkwato. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka ja reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙaurar Namoda a 1929, domin kwasar gyaɗa da auduga. Da aka cire Zamfara a 1996, sai wannan ɗan layin ma ya bi ta. Saboda haka ka sa a ranka tun yanzu, yaron nan in ya kama wannan hanya sai ya yi nisa da gida.

Sai dai a bambance abu biyu. Akwai lebura mai ɗaukar ƙarfe da zuba tsakuwa, wanda aikinsa ke ƙarewa ranar da kwangila ta ƙare. Akwai kuma masu tsara hanyar tun tana kan takarda, su ne ke cewa nan za ta bi, nan za a haƙa, nan za a cike, nan za a yi gada. Wajen waɗannan ɗanka yake son zama ɗan koyo.

Me ya sa sai an yi wannan dogon tsari? Saboda jirgi ba gingimari ba ne. Ƙafarsa ƙarfe ce, abin da take takawa ma ƙarfe ne, santsi ya yi yawa. Wannan santsi shi ke sa kan jirgi guda ya ja kayan da motoci da dama ba za su ɗauka ba, amma shi ne kuma ke hana shi hawan tudu. Hawan da direban mota ba zai ko sauya giya ba, jirgi mai kaya zai iya kasa shi. Shi ya sa ake son hanya ta tashi da kamar mita 1 kacal a cikin tafiyar mita 100. Kwana ma ba ya shan ta a taƙaice, sai an buɗa ta sosai, a kuma ɗan ɗaga ƙarfen da ke waje ya fi na ciki tsawo, don kada nauyi ya rinjayi taragu.

Ga kuma rana. Ku da ke nan kun san zafin bazara. Ƙarfe yana miƙewa in ya sha zafi: dogo mai tsawon mita 100, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, zai ƙara wajen santimita 3 da rabi. Ka ga kamar ba komai, amma in ba a yi lissafinsa ba, layi sai ya lanƙwashe kamar maciji.

Babban abokin gaba dai ruwa ne, kuma nan ne nake ganin ɗan manomi ya fi ɗan birni sa'a. A ce yau za a ja layi daga Sakkwato zuwa Jega ta Tambuwal. Dole mai tsari ya san inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, da inda ƙasa take laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, da iyakar da Gulbin Zamfara yake kaiwa in ya yi ambaliya cikin fadama. In ya sa ƙaramin kwalbati inda babba ya kamata, ruwan dare ɗaya zai wanke ƙasar da ke ƙarƙashin layi, ya kuma koma ya kwanta cikin gonakin mutane. Haka nan burtali da hanyar kasuwa, in aka datse su ba a bar wurin tsallakawa ba, an sayi rigima. Yaron da ya tashi yana noman fadama ya san rabin wannan tun kafin ya shiga aji.

Kada yaro ya ɗauka ranar farko za a ba shi gada ya zana. A'a. Ɗan koyo da riƙe sandar awo yake farawa, yana bin safiyo cikin daji, yana kafa turaku, yana rubuta lambobi. Zai ɗebo ƙasa a kai ɗakin gwaji a ga nauyin da za ta iya ɗauka. Sannan a zaunar da shi gaban kwamfuta ya gyara zanen da manya suka yi wa jan biro, ya ƙidaya yawan ƙasar da za a haƙa da tsakuwar da za a saya. Duk abin da ya yi sai wani ya duba, domin injiniya mai rajista da hukumar COREN ne kaɗai ke sa hannu ya ɗauki alhaki. Aikin awo ne na ƙeƙe-da-ƙeƙe. Tsohon layi faɗinsa milimita 1,067 ne, sabo irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa 1,435, kuma jirgin wannan ba ya hawa wancan. Yaro mai garaje, ko mai jin kunyar cewa bai gane ba, wallahi zai sha wuya.

Batun inda ake koyo, tushen yana cikin jarrabawar da zai rubuta yanzu. Sai ya ci Lissafi da Turanci da Fiziks da Kemistiri da kyau, ya kuma yi JAMB. Fannin da zai nema shi ne injiniyan gine-gine da hanyoyi, ko kuma safiyo. A kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato ko ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ƙaramar difiloma shekara 2 ce, sai shekara guda ta aikin gwaji, sannan babbar difiloma shekara 2. A jami'a, kamar ta Ahmadu Bello a Zariya, shekara 5 ce. Ko'ina ya shiga akwai watannin da ake tura ɗalibai wurin aiki a ƙarƙashin shirin SIWES na hukumar ITF, to nan ne zai nemi a kai shi inda ake aikin dogo. A Zariya kuma akwai cibiyar fasahar sufuri ta NITT tun 1986, ga Jami'ar Sufuri ta Daura da aka aza harsashinta a Disamba 2019, ta kuma fara ɗaukar ɗalibai.

Aiki fa? A Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aka bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. A Yulin shekarar aka ƙaddamar da na Kaduna zuwa Kano. Amma aikin dogo a ƙasar nan yana tafiya ne da kuɗin gwamnati da bashi, yau a yi gobe a tsaya. Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne wanda ya iya awon ƙasa da tsara kwalbati, ko babu jirgi, masu titin mota da madatsun ruwa da noman rani suna nemansa.

Game da bijimi kuwa, ni dai shawarata kada ka taɓa shi yanzu. Jira sakamako ya fito. In Lissafi ya yi kyau, ya fara da difiloma nan kusa, inda za ka iya aika masa da gero da wake a motar kasuwa. Duk wanda kuma ya zo ya ce ka ba da kuɗi zai samar wa yaro gurbin koyon aiki a kamfanin jirgi, ka ce ya kawo takarda mai hatimi, ka kai wa shugaban makarantar yaron ya duba kafin ka fitar da ko sisi.