Farantin da Ke Danne Motar Tsere a Kwalta

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu filayen tsere na Silverstone a Ingila da Hockenheim a Jamus, inda ɗaliban aikin injiniya ke taruwa kowace shekara da ƙananan motocin da suka ƙera da hannunsu. An fara wannan gasa a Amurka a 1981, a Jami'ar Texas da ke Austin, da sunan Formula SAE. Ingila ta kafa tata a 1998, Jamus kuma a 2006, duka da sunan Formula Student. Abin da za mu duba a jikin motocin nan sai mutum ya durƙusa zai gan shi: wani faranti ne na zaren kabon da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin motar.

Mu fara da taya. Gudun da mota za ta iya shan kwana da shi ya dogara ne a kan yadda tayoyinta suka riƙe kwalta, kuma riƙon yana ƙaruwa gwargwadon nauyin da ke danne su. To me zai hana a ɗora wa motar kaya? Matsalar ita ce duk nauyin da aka ƙara sai inji ya ja shi, birki ya tsayar da shi, a kwana kuma shi ne zai fisgi motar waje. Don haka injiniya yana neman danni marar nauyi, kuma iska ce ke bayar da shi.

Fukafukin da kuke gani a gaba da bayan motar tsere suna yin wannan aiki, sai dai suna tare iska, suna rage gudu. Farantin ƙasa ya fi su rangwame. Kun san yadda iskar hunturu ke ƙara gudu idan ta shiga matsattsen lungu tsakanin gidaje biyu? Haka take yi tsakanin faranti da kwalta. Tun 1738 masanin lissafi Daniel Bernoulli ya nuna cewa inda gudun ruwa ko iska ya ƙaru, matsinsa na raguwa. Idan matsin da ke ƙarƙashin mota ya faɗi, iskar da ke samanta sai ta danna ta ƙasa. A bayan farantin kuma akwai inda yake ɗagawa sama sannu a hankali, ana kiransa difuza. A nan iskar ke rage gudu ta koma daidai da matsin waje, kuma wannan buɗewar ce ke janyo ta da sauri daga gaba.

Kamfanin Lotus na Colin Chapman ne ya shigo da dabarar cikin gasar Formula 1 da motarsa Lotus 78 a 1977, shekarar da ta biyo baya kuma Mario Andretti ya zama zakaran duniya da Lotus 79. Gudun kwana ya yi yawa har hukuma ta tilasta shimfiɗaɗɗen ƙasan mota a 1983, ba a dawo da tsarin ba sai 2022.

Amma fa ɗalibi ba Chapman ba ne, kuma a nan gizo ke saƙar. Ƙarfin iska yana tafiya ne da ninkin gudu sau kansa: idan gudu ya ninka biyu, danni ya ninka huɗu. Motar Formula 1 tana wuce kilomita 300 a awa. Hanyar ɗalibai kuwa an jera ta da robobi, kwana a kan kwana, yawancin tafiyar ba ta wuce kilomita 50 zuwa 60 a awa. A kilomita 60, dannin da faranti zai samu kashi ɗaya ne cikin 25 na abin da zai samu a kilomita 300. Wannan ya sa aka daɗe ana gardama ko wahalar ta cancanta, har ɗaliban Jami'ar Monash ta Ostareliya da ire-irensu suka nuna da awo cewa ta cancanta. Dalili mai sauƙi ne. Motar da nauyinta bai wuce kilo 200 da wani abu ba, ko dannin kilo 30 aka ƙara mata za ta ji a jikinta.

Sai kuma tsarin kansa. Tambaya ta farko ita ce kusurwar difuza. In ta yi kwance da yawa, ba ta tsotsar komai. In ta miƙe da yawa, iska ta rabu da jikin farantin ta dagule, danni ya ɓace lokaci guda. Galibi ana farawa ne daga digiri 10 zuwa 15, sannan a yi ta gwaji. Ta biyu, tazara daga kwalta. Kusantar ƙasa na ƙara tsotso, amma dokar gasar Jamus ta ce kada tazarar ta gaza milimita 30 idan mota na tsaye, kuma an hana duk wani labule da zai goga kwalta ya toshe gefe, irin wanda Lotus ta yi amfani da shi. Saboda haka iska na kutsowa ta gefe tana cika wurin da aka rage wa matsi. Tayoyin baya ma suna feso dagulalliyar iska cikin difuza. Ɗalibai suna yaƙar wannan da ƙananan shingaye da ke murɗa iskar ta zama guguwa siririya, ta tsaya a matsayin labulen da doka ta hana.

A ganina, babban tarkon yana kan allon kwamfuta. Manhajar lissafin iska tana fitar da hoto mai launi, ja da shuɗi, ga mota a miƙe, tazara ba ta motsi, lambar danni ta yi kyau. Alhali a fili motar ba ta zama haka ko na daƙiƙa biyu. Direba ya taka birki, hanci ya duƙa, tazarar gaba ta ragu, cibiyar danni ta gudu gaba, bayan motar ya yi sakayau daidai lokacin shiga kwana. A cikin kwanar kuma motar ta karkata, iska na shigowa a kaikaice. Farantin da ke ba da danni mai yawa a tazara ɗaya tak, ya zubar da shi da an ɗan motsa, ya fi cutar da direba a kan wanda danninsa matsakaici ne amma ba ya sauyawa. Direban nan ɗalibi ne, in mota ta yaudare shi sau ɗaya, sauran rabonsa na tseren juriya mai kilomita 22 a tsorace zai yi shi.

Shi ya sa gwaji ke da muhimmanci. Ɗakin gwajin iska da za a amince da shi sai mai ƙasa mai tafiya kamar bel, domin a kan titi kwalta ma tana wucewa a ƙarƙashin mota, kuma jami'o'i kaɗan ne ke da irinsa. Sauran sukan manna guntayen zaren ulu a jikin difuza, su ɗaura kyamara, su fita fili. Zaren da ya kwanta lafiya ya nuna iska na bin faranti, wanda ke rawa kuwa ya tona inda ta rabu. Wasu na auna yadda sifirin ke matsewa yayin da gudu ke ƙaruwa. Alƙalan ɓangaren zane na gasar, waɗanda da yawansu injiniyoyin masana'antar mota ne, irin wannan shaidar suke nema a gani.

Akwai kuma waɗanda suka gaji da jiran gudu. Ƙungiyar ɗalibai ta AMZ daga Zurich da Lucerne a Suwizalan ta sa wa motarta mai lantarki na'urar da ke zuƙe iska daga ƙarƙashi, ta manne da kwalta tun tana tsaye. A wani gwaji na daban a watan Satumba na 2023, ba a cikin gasa ba, motar ta tashi daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 0.956, a tazarar mita 12.3 kacal, ta kafa tarihin duniya na motocin lantarki.